DIYYAR DA AKE BIYA DA ƘASA: DAGA ADAN ZUWA KEFFI, KANO DA SATIRU

A littattafan tarihin da muke koyar da yara a makarantun sakandare, idan an zo kan dalilin da ya sa Turawa suka yaƙi Kano a shekarar 1903, layi biyu ake yi a wuce. Wai Magajin Keffi ya kashe wani Bature, ya gudu Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu ya ƙi hukunta shi, saboda haka Gwamna Lugga ya tura sojoji. Yara su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, mu kuma mu ba su maki. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai guntuwa ce, domin tana sa mai karatu ya ɗauka cewa abin da ya faru tsautsayi ne na rana ɗaya, alhali kuwa wata tsohuwar dabara ce wadda Ingila ta riga ta goge a kanta a wasu ƙasashe tun kafin a haifi Lugga. Dabarar ita ce: idan aka zubar da jini ko aka ci mutuncin wani da ke ƙarƙashin tutarta a ƙasar wani sarki, sai ta ɗora wa sarkin nan bashin abin, ko da hannunsa ko babu. In kuwa da ma tana da kwaɗayin ƙasar, to bashin ba ya biyuwa da kuɗi, ba ya biyuwa da kan mai laifi, sai da ƙasar kanta.

Bari mu fara leƙa ƙasar Larabawa, don a can ne misalin ya fi fitowa sarari.

A farkon shekarar 1837 wani jirgin ruwa mai suna Duria Dowlat, wanda ya taso daga ƙasar Indiya ɗauke da tutar Ingila, ya tarwatse a gaɓar teku kusa da garin Adan, a kudancin ƙasar Yaman ta yau. Mutanen wurin suka wawashe kayan da ke ciki, suka wulaƙanta fasinjojin, har da mata, waɗanda yawancinsu Musulmi ne masu niyyar zuwa Jidda. Adan a lokacin ƙaramin gari ne da ya lalace, yana hannun Sarkin Lahaj, Muhsin bin Fadl. Gwamnatin Ingila ta Bombai ta tashi wani hafsan jiragen ruwa, Kyaftin Haines, ya je ya nemi diyya, tunda an ce sarkin bai hukunta kowa ba, an ma zargi fadarsa da cin rabo a cikin kayan. Har nan babu wanda zai ce an yi rashin adalci. To amma a cikin aljihun Haines akwai saƙo na biyu. Jiragen ruwa masu aiki da tururi sun fara zirga-zirga tsakanin Bombai da Suwes, suna bukatar wurin da za su riƙa tsayawa su ɗebi kwal, ga kuma sojojin Muhammadu Ali na Masar suna matsowa cikin Yaman. An umurci Haines ya yi cinikin garin Adan ɗungurungum. Sarkin ya amince da biyan diyya, aka shiga ja-in-ja a kan sayar da garin, 'ya'yansa da manyan ƙasarsa suka ƙi. Ranar 19 ga Janairu 1839 jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa Adan wuta suka kama ta. Ba su fita ba sai a shekarar 1967. Wato kayan jirgi ɗaya da aka sace, shekara 128 ana biyan diyyarsu.

A Jidda ma an yi makamancin haka a 1858, lokacin da aka yi tarzoma aka kashe Nasara kusan ashirin, ciki har da ƙananan jakadun Ingila da Faransa. Da hukumar Turkawa mai riƙe da garin ta yi jinkirin yanke hukunci, sai jirgin yaƙin Ingila ya yi ta yi wa garin ruwan harsashin igwa har aka fille kawunan mutum goma sha ɗaya. Amma Jidda ba a ƙwace ta ba, don kuwa ƙwace ta na nufin rigima da Daular Usmaniyya. Wannan bambanci tsakanin Adan da Jidda yana da kyau mai karatu ya riƙe shi a zuciya. Laifin Jidda ya fi girma nesa ba kusa ba, amma Adan ce ta rasa ƙasarta.

Yanzu sai mu dawo gida.

Ranar 1 ga Janairu 1900 aka ɗaga tutar Ingila a Lokoja, aka ce duk Arewa ta zama ƙasar da Ingila ke karewa. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, Sakkwato da Kano da Katsina ba su san ana yi ba. A 1901 Lugga ya ci Kwantagora da Bida da Yola, a 1902 ya kama Bauci, ya ajiye sojoji a Zariya. A Keffi ya ajiye Razdan mai suna Kyaftin Maloni, wani soja gurgu wanda ya sami rauni a ƙafa tun wani yaƙi da aka yi a kudu, har ma a amuku ake ɗaukarsa. Keffi tana ƙarƙashin Zazzau ne, tana da sarkinta, amma ƙarfin gari yana hannun Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a wurin. Kada mu yi wa tarihi kwalliya: Magaji jarumi ne, amma kuma harin bayi yana cikin sana'arsa, ƙabilun da ke kewaye da Keffi sun sha wuya a hannunsa, kuma a kan wannan ne suka fara saɓawa da Maloni.

Ranar 3 ga Oktoba 1902 Maloni ya zo ƙofar fada ya aika a kira Magaji. Magaji ya ƙi fitowa. Aka tura mataimakin Razdan, Webster, ya shiga gidan, aka ce ya kutsa har inda baƙo ba ya shiga, dogarai suka yi masa rubdugu suka jefo shi waje. Maloni ya aika a kirawo sojoji. Kafin su iso Magaji ya fito a kan doki, ya kashe Maloni, ya kashe tafintansa Audu Timtim, ya sheƙa. Riwayoyi da dama, har da na wasu Turawan, sun ɗora alhakin abin a kan tafintan nan, suka ce ya daɗe yana juya magana tsakanin mutanen biyu, yana gaya wa kowannensu cewa ɗayan na shirin hallaka shi. Mu marubuta ya kamata mu tsaya a kan wannan mutum. Muna ta neman jigo a nesa, ga wanda harshensa kaɗai ya isa littafi guda, tunda a wancan zamani Bature ba ya jin sarki, sarki ba ya jin Bature, abin da tafinta ya ga dama shi ne gaskiya.

Magaji ya isa Kano, Sarki Alu ya yi masa tarba ta girma, ya ba shi masauki. A nan ne littattafan makaranta suke tsayawa su ce Alu ya yi wauta. Mu dai muna ganin kafin a yanke masa hukunci ya kamata a tambaya: wace hanya ce ta rage masa? Mutumin nan Musulmi ne, bafaden Sarkin Zazzau, ya zo neman mafaka. A shekarar nan Turawa suka kama Sarkin Zazzau Kwasau suka fitar da shi daga garinsa, ga sojojinsu a Zariya, tafiyar 'yan kwanaki zuwa Kano. Alu kansa da takobi ya hau gadon sarauta bayan yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895, yana da maƙiya a cikin gida waɗanda ke jiran ya yi tuntuɓe. Da ya ɗaure Magaji ya miƙa wa Nasara, da wane ido zai dubi malaman Kano, da wane baki zai yi wa Sarkin Musulmi bayani? Kuma bisa tsarin daular, shari'ar bafaden Zazzau da ya yi kisa a Keffi ba ta Sarkin Kano ba ce, ta Zazzau ce, in ta gagara a kai Sakkwato. Gaba kura ce, baya sayaki. Abin da za a iya zarginsa da shi, a ganinmu, shi ne bikin da ya yi wa tarbar. Ba da mafaka daban, hawan girma daban. Wannan hawa shi ya ba Lugga abin da zai rubuta wa Landan.

Lugga kuwa da ma mai neman kuka ne, sai aka jefe shi da kashin awaki. Hujjar da ya kafa ita ce, idan har za a kashe jami'in Ingila a ƙaramin gari kamar Keffi, wanda ya yi kisan ya sami gindin zama a Kano, to babu Baturen da ransa zai tsira a ƙasar nan, domin su 'yan kaɗan ne a tsakiyar miliyoyi, kwarjini kawai ke tsare su. Ta fuskarsa maganar tana da ma'ana. Amma akwai abubuwan da ke bayan labule. Akwai hukumar shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa da za ta bi ta arewacin Sakkwato da Katsina, wadda ake so a share wa hanya. Akwai kasuwar Kano, wadda labarinta ya cika kunnuwan 'yan kasuwar Ingila tun zamanin Barth. Akwai kuma wasiƙar nan da Lugga ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a watan Mayu 1902, mai cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi, wadda daga baya wani tsohon jami'in mulkin mallaka, Muffett, ya nuna shakka mai ƙarfi a kanta a littafin da ya wallafa a 1964, tunda ba a ga asalinta na Larabci ba. Ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan bai so yaƙin ba. Ba a daɗe da gama yaƙin Afirka ta Kudu ba, baitulmali ya sha jiki, ministan kansa Chamberlain yana can Afirka ta Kudun. Suka yi ta aiko da waya suna cewa a bi a hankali. Kafin su farga sojoji sun kama hanya.

Ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700, yawancinsu Hausawa da Yarabawa, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Suka fasa Bebeji, ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano. Ga abin mamaki: wanda aka zo nema ba ya nan, wanda ya ɓoye shi ma ba ya nan. Tun farkon Janairu Alu ya tafi Sakkwato da dawakai masu yawa don yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, wanda ya gaji Abdurrahman da ya rasu a watan Oktoba, kuma Magaji yana cikin tawagar. Sarkin Shanu da aka bar wa gari shi ya tsaya a fada har aka kashe shi. A kan hanyar komawa Alu ya rabu da jama'arsa cikin dare ya yi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir aka miƙa wa Turawa, ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lokoja a 1926. Wazirinsa Ahmadu ya gwabza da su a Kwatarkwashi ya kwanta dama.

Da a ce Magaji ne kaɗai abin nema, da sai a tsaya nan a aika wa Sakkwato a ce ta miƙo shi. Daga Ƙaurar Namoda Morland ya rubuta wa Sarkin Musulmi takarda, ya ce dalilin yaƙinsu da Alu shi ne karɓar da ya yi wa wanda ya kashe Bature. Amma a cikin takardar nan dai ya ƙara da cewa suna nan tafe Sakkwato, kuma daga yanzu Bature da sojoji za su zauna a garin har abada, ko an so ko an ƙi. Saƙo na biyu ke nan, irin wanda Haines ya ɗauko a aljihu zuwa Adan. Rundunar ta ratso daji ta ɓullo ta Shagari, inda wasu sojoji da suka taso daga Argungu suka same ta, sannan suka miƙe arewa ta wannan ƙasa tamu, ƙasar da Shehu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma a Boɗinga. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya a bayan ganuwar Sakkwato, kafin rana ta take an gama. Attahiru ya yi hijira gabas, talakawa da sarakuna suka yi ta bin sa. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka cim musu a Burmi, aka kashe shi tare da mutane sama da 600. A cikin gawarwakin akwai ta Magaji Ɗan Yamusa. Wata tara da 'yan kwanaki tsakanin mutuwar Maloni da tasa, kuma a tsakanin nan daular da ta shekara kusan ɗari ta faɗi.

Sai dai labarin bai ƙare a Burmi ba, kuma ragowarsa a bayan gidanmu ta faru.

Turawa sun naɗa Muhammadu Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, ya zama Sarkin Musulmi a cikin watan Maris 1903. Daga ranar nan matsayin sarki ya juye. Da, shi ne wanda ake matsa wa lamba daga waje a ce ya hukunta. Yanzu ya zama hannun da ake hukuntawa da shi, kuma ana auna biyayyarsa da irin nauyin hannun nasa. Satiru ƙauye ne da ke tsakanin ƙasashen Dancaɗi da Dange da Shuni da Boɗinga, mazaunin talakawa da almajirai da bayin da suka gudo daga gandayen masu sarauta. A 1904 shugabansu, wanda ake kira Maikaho, ya yi da'awar Mahadi. Sarkin Musulmi ya sa aka kamo shi, ya mutu a kurkuku, aka rantsar da mabiyansa aka sallame su. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A farkon 1906 wani malami makaho, Shu'aibu Ɗan Makaho, ya gudo daga ƙasar Zabarma bayan sun tayar wa Faransawa da ƙayar baya a can, ya sauka Satiru. Wuta ta haɗu da auduga.

Ranar 13 ga Fabrairu 1906 Satirawa suka auka wa maƙwabtansu na Tsomau waɗanda suka ƙi bin su, suka kashe mutum goma sha wani abu. Waɗannan su ne mamatan farko, kuma su ne waɗanda aka fi mantawa da su. Razdan Manjo Burdon ya riga ya kama hanyar tafiya hutu. Mai riƙon ƙwarya, Hillary, ya ɗebi rukuni ɗaya na sojan doki washegari ya nufi Satiru da niyyar kamo shugabannin. Ya wuce gaba don ya yi magana da su, jama'a suka yo kansa da fartanya da gatari da baka, sojoji suka ruɗe wajen jan dawaki da ɗaura sahu. Cikin ɗan lokaci aka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftana Blackwood da sojoji 25, aka ƙwace bindiga mai ruwa. Malam Isa ma ya sami raunin da ya zama ajalinsa.

A auna nan. Don mutanen Tsomau, abin da aka shirya shi ne kama mutum biyu ko uku a kai su gaban alƙali. Da aka kashe Turawa uku, sai hukuncin ya koma na gari ɗungum. A daidai lokacin Lugga ya tura yawancin sojojinsa Binuwai, inda aka yi rikici a Abinsi aka kashe fatake Hausawa masu yawa aka ƙona kantin kamfanin Neja. Nan take aka juyo da su, maganar fataken ta bi ruwa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsanani ga Sarkin Musulmi. Sakkwato babu sojan kirki, da ya ɗaga ɗan yatsa da ƙasa duka ta tashi, kuma Turawa sun san haka. Sun kuma san cewa an daɗe ana jin ƙishin-ƙishin ɗin Satiru ba a gaya musu ba. Amma shi ma yana da nasa lissafin. Ya ga Giginya, ya ji Burmi. Satirawa kuma ba Nasara kaɗai suke yaƙa ba, har da masu sarauta da masu bayi, ga shi sun ƙone Dancaɗi da Dange. Saboda haka ya tsaya tare da Burdon, wanda ya juyo daga hanya. Marafa Muhammadu Maiturare ya fita da mayaƙan Sakkwato, amma mutanensa ba su ba da zuciya ga yaƙin ba, suka komo ba nasara. Wannan ma abin lura ne, don yana nuna inda zuciyar talaka take a lokacin.

Ranar 10 ga Maris 1906 Manjo Goodwin ya isa Satiru da sojoji sama da 500, dawakin Sakkwato na biye. Satirawa suka yi ta afka wa bakin bindiga da kayan noma. Waɗanda suka gudu aka bi su cikin daji. Ƙiyasin da masana tarihi suka fi kawowa shi ne an kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara dubbai aka rarraba su. Ɗan Makaho an kama shi da rai, kuma ba kotun Bature ce ta yanke masa hukunci ba, an bar wa kotun Sarkin Musulmi, aka kashe shi da wasu abokansa a kasuwa. Aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Labarin da ya isa Landan ya tayar da hankalin wasu, har Winston Churchill, wanda a lokacin yake ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka, ya rubuta a fayil yana nuna damuwarsa a kan kisan mutanen da kusan ba su da makami. Ba a hukunta kowa a kan wannan ba. Babu jirgin yaƙin da zai zo ya nemi diyyar Satirawa, tunda tutar da aka ce tana kare su ita ce a hannun masu harbin.

Bayan ƙura ta lafa sai aka bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya ana duba wanda ya yi jinkiri. Sarkin Gwandu Muhammadu, wanda aka zarga da jin daɗin abin da Satirawa suka yi, aka tuɓe shi aka naɗa Haliru. A watan Afrilu aka kai wa Haɗeja yaƙi aka kashe Sarki Muhammadu a cikin garinsa. Kafin shekarar ta ƙare an tuɓe Sarkin Katsina Yero an naɗa Muhammadu Dikko. Sarkin Musulmi Attahiru na biyu kuwa Sarkin Ingila ya aiko masa da lambar girma ta C.M.G., ya ci gaba da sarauta har rasuwarsa a 1915, Marafa Maiturare ya gaje shi.